Sheƙar da Babana Ya Ɓoye

Babana, Baudilio, ya shekara talatin yana kai baƙi kallon tsuntsaye a gandun da ke bayan ƙauyenmu, kuma bai taɓa gaya wa kowa inda tsuntsuwarsa take ba. Haka duk 'yan jagoran nan suke. Balbela da zalɓe da kwasakwasa na kowa ne, duk wanda ya hau gadar katako zai gan su har ya gaji. Amma kowane ɗan jagora yana da tsuntsu guda mai wuyar gani da ya ɓoye, wanda baƙi ke tasowa daga wata uwa duniya dominsa. Ta Baba wata jar kazar fadama ce. In zai kai baƙo wurinta, sai ya yi ta zagaye da shi cikin kurmin mangale, itatuwan bakin teku masu saiwoyi a waje, har mutum ya manta gabas da yamma. Ni 'yarsa ce, shekarata shida ina aikin tare da shi, amma in na tambaya sai ya ce, "Dioselina, ke bakinki ba linzami."

Wata ranar Talata ya fita da sassafe, ruwan teku ya janye, wai zai leƙo sheƙar ya dawo kafin kofinsa ya huce. Na kwashi baƙi huɗu muka bi turba, ina nuna musu wannan ina nuna musu wancan, suna rubutawa a 'yan littattafansu. Ƙarfe tara muka dawo rumfarmu. Kofi na nan, soyayyar ayaba na nan ƙudaje sun rufe ta, wayarsa ma na kan tebur, don ba ya kai ta inda za ta yi ƙara. Na leƙa ƙarƙashin gada na ga ruwa ya juyo, ya riga ya shafe ramukan ƙaguwa. Makon babban ruwa ne. A irin wannan makon teku kan cika kurmin maƙil.

Na bar baƙin nan tsaye na ruga wurin Kawu Ulpiano. Shi ne ya riƙe ni ranar baftisma, kuma shi ne ɗan jagoran da ya shekara tara yana farautar sheƙar Baba. Na same shi yana kwashe ruwa daga kwalekwalensa.

"Kawu, Baba bai dawo ba."

"Daga ina?"

"Daga wurin kazarsa."

"To ai sai ki faɗi wurin mu je."

"Ban sani ba."

Ya ɗago ya dube ni. "'Yar cikinsa ma? Kai, wannan tsoho, rowa za ta kashe shi." Ya faɗa da wasa, amma kafin ya rufe baki ya riga ya jefa adda da igiya cikin kwalekwale.

Muka shiga rafukan kurmi ɗaya bayan ɗaya. Sawu babu, don Baba kan saiwoyi yake takawa saboda kada a bi shi. Rigarsa launin taɓo ce, ni da hannuna na rina masa ita don kada tsuntsu ya gan shi, ga shi yau ni ce ke neman abin da na ɓoye. Na yi ta kira har muryata ta dushe. Kawu yana kashe inji mu saurara, ba abin da muke ji sai sauro da ruwa yana shiga tsakanin saiwoyi.

"Baudilio, ɓarawon tsuntsu, fito haka nan," in ji Kawu da ƙarfi. "Ba na son kazarka, ko soyayyiya ce."



Mun wuce bakin wani ɗan lungu da kwalekwale ba ya shiga, mun yi kira, mun yi gaba. Sa'a guda muna yawo. Duk saiwar da na duba sai in ga ruwa ya ƙara hawa, saura kamar kamu biyu ya kai shatin da 'yan katantanwa ke mannewa, inda yake tsayawa in ya cika. Na yi addu'a, na zagi Baba, na sake addu'a. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba.

A hanyar dawowa ne na ga ƙananan tsuntsaye. Sun fi talatin, sun taru can cikin lungun nan, suna tsalle suna tsiwa. Duk ɗan jagora ya san wannan: in ka kwaikwayi fiton 'yar mujiya, ƙananan tsuntsaye kan taru su kore ta, baƙi su sha kallo. Amma waɗannan ƙasa-ƙasa suka sauko, dab da ruwa, inda mujiya ba ta zama.

"Tsaya nan, Kawu."

Na ɗauki adda na faɗa ruwa. Ina rarrafe kan saiwoyi, katantanwa na yanka mini gwiwa, har na jiyo fiton, siriri, yana yankewa.

Ruwa ya kai masa ƙirji. Yana jingine da wata 'yar bishiya, fuskarsa ta yi toka-toka, leɓensa ya tsage don fito. Da ya gan ni sai ya ɗora yatsa a baki, ya nuna sama da ido. Kamu uku daga kansa, a cokalin reshe, ga kazar nan kwance kan sheƙa, ja kamar tukunyar ƙasa, tana kallonmu.

"A hankali," ya ce cikin raɗa. "Kwanci take."

"Baba, me ya same ka?"

"Santsi ya kwashe ni. Ƙafar ta shige tsakanin saiwa biyu, ina jin ta karye. Ke kaɗai ce?"

"Ina tare da Kawu Ulpiano."

"Na ji muryarsa ɗazu da kuka wuce."

Na tsaya ina kallonsa. "Ka ji mu?"

"Na ji."

"Ka yi shiru?"

"Da wannan munafukin a cikin jirgi? Na ce in kin sauke shi kya dawo. Sallame shi, mu biyu mun isa."

Wallahi da ba ubana ba ne da na mare shi. Na ja numfashi na nutse, na laluba. Ƙafar ta kumbura cikin takalmin roba, saiwoyin sun matse ta kamar awartaki. Na ja, ya yi wani nishi da na ji har cikin ruwa. Da na taso ruwa ya taɓa masa wuya. Na dubi shatin katantanwa a jikin bishiyar, yana daidai goshinsa.

Hanya ɗaya ce: a sare saiwoyin daga sama inda suka fito daga jikin bishiya, wani ya ɗaga su, wani ya riƙe masa kai. Hannu biyu gare ni. Kuma wurin saran yana ƙarƙashin sheƙar.

"Dioselina, kada ki kira shi," in ji Baba. "Don Allah, 'yata. Shekara tara tana dawowa nan. In ya gani, gobe jirgi biyar ne a bakin lungun nan."

Na buɗe baki na kwarara ihu da sauran muryar da ta rage mini. "Kawu! Kawo igiya!"

Kazar ta miƙe tsaye kan sheƙa, ba ta tashi ba. Kawu Ulpiano ya iso yana haki, mutum mai shekara sittin da biyar, ya yanke a goshi. Bai ko ɗaga kai sama ba.

"Tsohon banza, nan ka zo wanka?"

"Koma inda ka fito," in ji Baba, ruwa na shiga bakinsa.

"Riƙe masa haɓa, 'yata. Ba ni addar."

Na zagaya bayansa na tallafe kansa a kafaɗata, na ɗaga fuskarsa sama. Kawu ya fara sara. Saran farko kazar ta yi tsalle ta ɓace cikin kurmi. Kowane sara sai bishiyar ta girgiza, Baba kuwa idonsa na kan sheƙar, don ni na juya masa fuska can, ba yadda zan yi. Saiwar farko ta rabu. Kawu ya ɗaura mata igiya ya rataya a wani reshe ya ja, ba ta isa ba. Ruwa ya rufe kunnuwan Baba. Na ce masa ya rufe baki ya shaƙa ta hanci, ina kuka ina faɗa. Ana cikin saran ta biyu sheƙar ta karkata, ƙwai suka gangaro ɗaya bayan ɗaya, suka faɗa ruwa kusa da fuskarsa.

Ruwa ya rufe masa hanci. Ina jin jikinsa yana fizga a hannuna. Kawu ya jefar da adda, ya nutse, ya sa kafaɗa ƙarƙashin saiwar ya miƙe da ita. Na ja da duk ƙarfina. Baba ya fito, takalmin ya zauna can.

Yadda muka kai shi kwalekwale ban iya tunawa ba. Mun kwantar da shi a gefe ya yi ta aman ruwan gishiri, ƙafar ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Kawu ya tuɓe rigarsa ya lulluɓa masa, ya tada inji. Sai da muka fita babban rafi Baba ya buɗe ido.

"Ulpiano. Ka gani?"

"Me zan gani? Kaina na cikin ruwa."

Baba ya juyo gare ni. "Akwai ƙwan da ya rage a cikin sheƙar?"

"Babu, Baba."

Ya zare hannunsa daga nawa, ya juya fuskarsa ga katakon jirgi. Na sake kamo hannun, na riƙe da ƙarfi har muka iso gari.