Indararon Soron Inna

Sada ɗan kasuwar hatsi ne a Daura. Yana bin ƙauyuka ya sayi gero da wake, ranar kasuwa ya kai Mashi ko Mai'aduwa. Gidansa na gado ne, ginin ƙasa, ba nisa da rijiyar Kusugu. A ciki akwai wani tsohon soro da mahaifiyarsa, Inna Ummukulsum, take kwana. Bayan soron ya kalli titi, kuma a jikinsa aka jingina shagon Okafor, mai sayar da kayan gyaran babur. Bango ɗaya ne tsakanin gadon Inna da inda Okafor yake jera kayansa.

Shekarar Okafor ashirin da biyu a wannan shago. Hausa ta zauna a bakinsa har yana yi wa 'yan gari ba'a da ita. Da Sallah Inna takan aika masa da tuwo da nama, da Kirsimeti matarsa Ursula ta aiko da shinkafa. Mama yake kiran Inna, ita kuma ta ce masa ɗana. Yana da wani dogon tsani na ƙarfe, kuma duk shekara idan hadari ya fara taruwa a gabas, shi ne yake fito da shi ya jingina a bango, ya leƙa zaure ya ce, "Malam Sada, lokacin hawa ya yi." Sada ya hau ya share saman soron, ya zura sanda ya buɗe indararo, Okafor yana ƙasa yana riƙe da tsanin suna hira.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a abubuwa suka ɗan canza. Labarin rikicin Kaduna ya tsorata baƙi da yawa, wasu suka kwashe kayansu. Okafor ya tura Ursula da 'ya'yansu can garinsu, shi ya zauna. Ba wanda ya taɓa shi a Daura, sai dai magana ta yi yawa a majalisu. Wata rana da yamma ana zaune a ƙofar gidan Sada, wani maƙwabci mai suna Badaru ya ce, "Kai dai Sada, wannan cin abinci kwano ɗaya da wanda ba ya salla, ya kamata ka rage."

Mutane suka zuba wa Sada ido. Da ya yi shiru ma da ya wuce. Amma sai ya yi dariya ya ce, "Haba, wane kwano ɗaya? Maƙwabtaka ce kawai ta bango. Ni ba abokina ba ne."

Yana rufe baki ya ga Okafor tsaye a bakin lungu, riƙe da butar shayin da ya saba kawowa. Okafor ya gaida jama'a, ya ajiye butar, ya ce yana da aiki a shago, ya koma.

Daga ranar Sada ya kasa haɗa ido da shi. Da farko kunya ce. A hankali kunyar ta koma haushi, har ya zama ko muryar Okafor ya ji ta bayan bango sai ransa ya ɓaci, kamar shi aka yi wa laifi. Ya daina bi ta gaban shagon. Damina ta zo bai nemi tsani ba, Okafor ma bai fito da shi ba. Ruwan shekarar bai yi yawa ba, aka wuce lafiya.

Damina ta biyu ta shigo da ƙarfi. Cikin watan Yuli, wata safiya bayan ruwa ya ɗauke, Okafor ya yi sallama a zaure. Sada ya fito yana ɗaura agogo, don ya nuna sauri yake yi.

"Malam Sada, indararon Mama ba ya zubar da ruwa," in ji Okafor. "Jiya na tsaya na duba, ɗigo kawai yake yi. Ruwan yana taruwa a sama, yana malalowa ta baya, yana bin bango yana shiga shagona."

"Ruwan bana ne ya yi yawa. Kowa ma ɗakinsa yana yoyo."

"Ba yawan ruwa ba ne. Ya toshe. Zo ka taɓa bangon ka ji, hannu yana nutsewa."

"Zan duba idan na dawo daga Mashi."

Ya dawo daga Mashi bai duba ba. Ta cikin gida bangon lafiya lau yake, shafen farar ƙasarsa ko tabo babu, sai ya gaya wa kansa mutumin yana kambama abin ne don kayansa. Matarsa Raihana ta ce masa ta lura idan ana ruwa ba ta jin ƙarar indararon kamar da. Ya ce mata ita ma ta fara.

Bayan mako biyu Okafor ya sake zuwa, wannan karon da tsanin a kafaɗa. Badaru da wasu mutum biyu suna zaune a kan dakali.

"Na ga ba ka da lokaci," Okafor ya ce. "Ka gaya wa mutanen gida su shiga ɗaki, ni in hau. Minti goma ya isa."

Sada ya dubi mutanen da suke kan dakali, ya dubi tsanin. Ya ɗaga murya fiye da yadda ya yi niyya.

"Ka hau soron gidana? Ka leƙa mini iyali? Ina ka taɓa ganin an yi haka?"

"Na ce su shiga ɗaki, Malam Sada. Mama ce take kwana a ƙarƙashin wannan rufi."

"Uwata ce ko taka? Ka kula da shagonka, ni zan kula da gidana."

Okafor ya gyara tsanin a kafaɗarsa ya ce, "To, Allah ya ba ka haƙuri." Ya juya.

Ranar Laraba ta biyu a watan Agusta ruwa ya sauko tun azahar, bai tsagaita ba. Wajen la'asar Raihana ta ga ƙasa tana zubowa daga azarar ɗakin Inna, ta kamo hannun tsohuwar ta kai ta nata ɗakin. Sada yana zaure yana jiran ruwa ya ɗauke ya tafi masallaci sai ya ji wani gunji mai nauyi, ƙasa ta girgiza, kwanon rufin shago ya yi ƙara. Ya ruga cikin gida ya ga Inna a ƙofar Raihana tana salati. Ta ƙofar soron kuwa yana hango titi. Bangon baya gaba ɗaya ya tafi, ya faɗa cikin shagon Okafor.

Okafor yana ciki. Yana janye kwalayen kaya daga jikin bangon ne abin ya rufto masa. Da hannu da fatanya mutanen unguwa suka yi ta tono cikin ruwa, har da Badaru, kafin suka zaro shi. Yana da rai, amma ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu, ƙugunsa ma ya goce. Sada ne ya riƙe kansa a bayan a-kori-kura har asibiti, bai iya cewa komai ba sai sannu.

Washegari ya kira Ɗantsoho, tsohon maginin da ya yi aiki da mahaifinsa. Ɗantsoho ya hau ragowar rufin da ƙyar, ya kira Sada ya biyo shi. Har lokacin akwai ruwa kwance a kusurwa. Tsohon ya durƙusa a bakin indararon ya zura hannu, ya fara zarowa: ganyen darbejiya da ya ruɓe ya zama baƙin taɓo, ledoji, tsummokara, sai wata tsohuwar sheƙar tantabara da ta cushe maƙogwaron gaba ɗaya.

"Ka gani?" ya ce. "Wannan ba tarin wata ɗaya ba ne. Yaushe rabonka da hawa nan?"

"Shekara biyu, Baba."

Ɗantsoho ya girgiza kai. "Reshen darbejiyar nan ya rufe soron, duk abin da ya kakkaɓe nan yake sauka. Ga kwanon indararon ya yi tsatsa, ya lanƙwashe, bakinsa ya ɗaga sama maimakon ya sunkuya. Yaɓen ma ya zaizaye, gangaren ya koma baya. Ruwa ba ya zama wuri ɗaya, Sada. In ka hana shi ƙofa zai nemi bango."

"Da an buɗe shi a watan jiya fa?"

"Da an buɗe shi ko makon jiya ne, da bangon nan yana tsaye. Ba wanda ya gaya maka?"

Sada ya sunkuyar da kai. "An gaya mini."

Tsohon bai ƙara tambaya ba. Ya ce idan ƙasa ta sha iska zai tayar da bangon, ya sake yaɓen rufin ya karkata shi wajen lungu, ya sa indararo biyu masu faɗi maimakon ɗaya, masu tsawon da za su jefa ruwa nesa da gindin gini, ya ɗaura ragar waya a bakinsu don ganye da tsuntsu. Reshen kuma a sare shi yau. "Amma duk wannan banza ne in ba a hawa. Kafin ruwan farko, da tsakiyar damina, da duk bayan iska mai ƙarfi."

Da yamma Sada ya je asibiti da abincin da Inna ta dafa da hannunta. Okafor yana kwance, an ɗaure ƙafar, fuskarsa ta kumbura. Abin da ya fara tambaya shi ne ko Mama ta ji ciwo.

"Lafiyarta ƙalau. Tana ta kuka dai." Sada ya zauna a bakin gado. "Okafor, ka gaya mini sau biyu ban ji ba. Laifina ne."

"Ya riga ya faru, Malam Sada."

Akwai sauran magana a bakin Sada, wadda ta fi ta indararo daɗewa. Ya buɗe baki, sai ga ma'aikaciyar jinya ta zo da allura, ga masu dubiya cike da ɗakin. Ya ce a ransa gobe zai zo da wuri, lokacin da ba kowa.

Da ya zo washegari, gadon babu kowa. Ƙanin Okafor, Ekene, ya iso daga Kano da mota tun da sassafe ya tafi da shi garinsu, inda iyalinsa za su yi jinyarsa. Bayan wata guda Ekene ya dawo ya kwashe abin da ya rage a shagon. Wasu 'yan uwansu sun ce a kai ƙara gaban alƙali, in ji shi, amma Okafor ya hana. Tsanin kuma Okafor ya ce a bar wa gidan Mama.

Ɗantsoho ya gama aikin bayan kaka. Soron ya fi da kyau, amma Inna ta ƙi komawa cikinsa. A ɗakin Raihana ta zauna har ta rasu a bazarar da ta biyo. Sada ya rubuta wa Okafor wasiƙa sau biyu ta hannun direbobi, bai sami amsa ba, bai kuma san ko sun isa ba.

Sai bayan shekara uku, da wayar hannu ta shigo Daura, ya sami lambar gidan Okafor a wurin wani mai kayan gyara a tasha. Ya shiga soron da ba kowa a ciki ya rufe ƙofa ya kira. Ursula ce ta ɗauka, ta yi ihun murna, ta miƙa wa mijinta.

Muryar Okafor ta tsufa, Hausarsa kuma ta fara tsere masa, yana laluben kalma kafin ya kamo. Suka gaisa. Sada ya gaya masa rasuwar Inna. Sannan Sada ya ce, "Akwai abin da na faɗa a ƙofar gida, ranar da ka kawo shayi. Ƙarya na yi. Tsoron bakin mutane ne ya sa ni. Ban taɓa yin aboki kamarka ba."

"Na san ƙarya ka yi," Okafor ya ce. "Tun ranar na sani. Na yi ta jira ka zo ka faɗa mini ne kawai."

"Ka yafe mini."

"Na yafe tuntuni."

"Shagon yana nan, na gyara shi, ban ba kowa ba. Ka dawo."

Okafor ya yi 'yar dariya. Ya ce da sanda biyu yake tafiya yanzu, daga ɗaki zuwa ƙofar gida ma sai ya huta. Doguwar mota ta fi ƙarfinsa. Ya tambayi Raihana, ya tambayi Ɗantsoho, har Badaru ya ce a gaishe masa. Sada ya ce shi zai zo da kansa bayan an gama girbi, Okafor ya ce Allah ya kawo shi.

Girbi ya zo, kasuwa ta buɗe, Sada ya ɗage tafiyar zuwa bayan Sallah. Kafin Sallah Ekene ya kira shi ya gaya masa an binne Okafor ranar Asabar.