Makullin Babur

Amos ya kashe babur a bakin gona, Rahab ta sauka da buhunan zuba masara a hammatarta. Rabonta da gonar nan tun kakar bara, ranar da 'yan bindiga suka ɓullo ta cikin dawa suka tafi da ita daji. Kwana arba'in da uku ta yi a hannunsu.

Tana tsaye sai ta ga mijinta ya kama kan babur ɗin ya juya shi, ya sa fuskarsa tana kallon hanyar gari, ya kafe shi, ya bar makulli a jiki. Ba baƙon abu ba ne. Daga Malumfashi har Funtuwa haka manoma ke yi tun da abin nan ya fara, don in an ji motsi a hau kawai a tsere. Amma sai ta ji wani abu mai zafi ya taso mata daga ciki.

Ta haɗiye, ta shiga cikin masara.

Tun dawowarta ba wanda ya ga hawayenta. Tana shara, tana girki, tana yi wa 'yarta Fibi kitso. Zumuntar mata har misali suke yi da haƙurinta, matar fasto kuma ta riga ta sa sunanta cikin masu ba da shaida ranar Lahadin godiyar kaka. Ita kaɗai ta san ba haƙuri ba ne. Ba ta jin komai ne, kamar an cire ta an ajiye turmi a wurin.

Yau kuwa abin ya dawo mata sabo. A daidai wannan kunyar take ranar. Ta tuna ta ƙwala wa Amos kira, ta tuna ƙarar baburinsu. Babur ɗin da kullum sai an buga shi sau uku yana tari, ranar bugu ɗaya ya tashi.

"Maman Fibi, a hankali mana," in ji Amos daga nesa. "Har da karan kike tumɓukewa."

"Me ya sa ka juya babur?"

"Ai haka kowa ke yi."

"Na san haka kowa ke yi. Wa za ka ɗauka a kai?"

Ya tsaya da masara a hannu. Ba ta san lokacin da ta jefe shi da wadda ke hannunta ba, ta same shi a ƙirji. Ta ƙara karya wata ta jefa.

"Na kira ka! Na ce Baban Fibi, sau biyu na kira ka, kuma ka ji ni!"

"Da na tsaya da sun harbe ni, ko su haɗa da ni," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Wa zai riƙe yarinyar? Wa zai yi fafutukar fito da ke?"

"Na sani! Shekara guda ina faɗa wa kaina haka, har na haddace. Ba shi na tambaye ka ba. Ka waiwaya? Ko sau ɗaya, ka waiwaya ka ga yadda suka ja ni?"

Iska ta kaɗa busassun ganyen masara. Amos ya sunkuyar da kai.

"Ban waiwaya ba."

Ta zube a kan kunya. Kukan da ya fito mata ba mai daɗin ji ba ne, da zagi a ciki, kalmomin da ba ta taɓa sanin ta iya su ba. Ta zagi mutanen daji, ta zagi babur, ta zagi masu yi mata sannu da haƙuri.

Inno, tsohuwar da gonarta ke maƙwabtaka da tasu, ta ajiye ƙwaryar waken da take roro ta tsallako. Ɗanta Murtala rana ɗaya aka kama su da Rahab. Shi bai dawo ba. Ta zauna kusa da ita, ba ta ce ta yi shiru ba, sai da kukan ya lafa don kansa.

"Inno, ban san abin da ya same ni ba," Rahab ta ce tana shessheƙa. "Na zaci na warke. Ga shi yau ji nake kamar in cinna wa gonar nan wuta."

"Kin taɓa zama a kan ƙafarki har ta mutu?" in ji Inno. "Tana mace ba ki jin komai. Sai jini ya fara dawowa ne za ki rasa inda za ki sa kanki. Ni sai da na yi wata shida, 'yar nan, ina cewa Alhamdulillahi, sannan wata safiya na ɗauki taɓarya na fasa randata. Da gangan. Randa mai sanyi, har yau ina jin haushin kaina."

Rahab ta yi wata dariya haɗe da majina.

Inno ta juya ga Amos. "Kai kuma ka tsaya kamar an dasa ka. Ba ta gama ba, ka sani. Gobe ma za ta taso, jibi ma haka. In ta taso ka zauna ka ji, kada ka ce za ka tafi majalisa."

"To, Inno."

Rahab ta goge fuska da gefen ɗankwali ta miƙe. Zafin bai tafi ba, yana nan a ƙirjinta kamar garwashi. Ta taka har bakin gona, ta zare makullin babur ɗin, ta ƙulle shi a bakin zaninta, ƙulli biyu. Ta dawo ta ɗauki buhunta.

"Ka faɗa wa matar fasto ta cire sunana ranar Lahadi. Ba ni da shaidar da zan bayar tukuna."

Amos ya dubi babur ɗin, ya dubi bakin daji. Ta ga tsoro ƙarara a idonsa, ba ta kuwa tausaya masa ba.

"In suka zo fa?"

"Ka san inda makullin yake."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ja buhunsa a ƙasa, ya tsallake kunya shida, ya dawo wadda ke jikin tata. Suka ci gaba da karyar masara.

Rana ta kusa kaiwa tsaka sai ga ƙarar babura daga nesa. Dukansu suka sandare. Ashe masu kai auduga gari ne, su biyu, suka wuce ta kan hanya da lodinsu. Sai da ƙarar ta ɓace Rahab ta saki numfashi ta ɗago kai. Amos bai dubi hanya ba, bai dubi babur ba. Ita ya waiwaya yake kallo.

Ta kawar da fuska, ta miƙa hannu ta karya wata masarar.