Gado Ɗaya Ya Rage

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in zuciya za ta ɗauka.

...wai kuma da sauƙi. Da sauƙi! Malama Kellu tana tsaye tsakanin tebur da benci, maganar tana yi mata yawo a ka kamar ƙudajen da ke yawo a gefen rigar tsohon. Wane sauƙi? A ina ya gan shi? Ba ita ke wanke wandon ba? Ita ke ɗauko shi a bayan ƙofa inda yake cusa shi don kada a gani, ta jiƙa, ta sake ruwa, ta sake, mugunya tana bin yatsunta, warin yana bin ta har cikin tuwo. Ga shi nan ya haɗe hannu a kan sanda, ya daidaita hularsa zanna a ka, yana gaya wa Baturiyar likita da sauƙi.

Gado ɗaya ya rage. Ɗaya tak. Likitar tiyatar nan jibi za ta bar Maiduguri, haka ƙungiyar agajin da ta kawo ta ta ce, kuma babu wanda ya san ranar da wata za ta zo. Mutum biyu ne a benci. Baba Madu, dillalin shanu, mahaifin mijinta marigayi Gana, da ɓarɓashin ƙarfe a cinya tun ran da motarsu ta taka abin da aka binne a hanya. Kusa da shi Malam Manasse, tsohon hedimastan da gudun hijira ya kawo unguwarsu, nasa ƙarfen yana cikin ciki, ya dafe wurin da hularsa. Ita kuma tafinta. Bakin wannan, kunnen waccan.

Kuma a ina? A ajinta. Ajinta na Turanci, nan bayan unguwar Jiddari Polo, kafin a rufe makarantu a zuba mutane da tabarminsu da tukwanensu. Allon yana nan. An manna masa hoton yadda ake wanke hannu, amma a ƙasa-ƙasa allinta bai gama gogewa ba... ko idonta ne?

Gud, beta, best! Yara suna rerawa, ita tana buga tebur. Mai kyau, wanda ya fi kyau, wanda ya fi kowa. Bad, wos, wost! Mummuna, wanda ya fi muni, wanda ya fi kowa muni. Matakala uku, take ce musu, ku hau a hankali. Har zana musu matakalar take yi, da ɗan mutum a kai yana ɗaga hannu. Tana son darasin nan, Allah ya sani. Tana ganin tsari ne, tana ganin tsabta ce, harshen da ya ajiye wa kowane abu mazauninsa. Tir. Ashe sikeli take koya musu. Ashe mudu ne.

Ba wai Hausa ba ta da fi ba, tana da shi, Kanuri ma yana da nasa. Amma in za ka ce ka fi, sai ka waiwaya ka ga wanda ka fi, yana zaune, yana numfashi, gwiwarsa tana taɓa taka. Wannan harshen kuwa... ya ɗaura fifikon a wutsiyar kalma ya wuce abinsa. Wos. Gajeriya. Ko kunya babu a cikinta.

Likitar tana sake tambaya, a hankali, da muryar da ake lallashin yaro. Ba muguwa ba ce, ai abin haushin ke nan, idonta ya yi ja don rashin barci. Yana iya tafiya kamar yadda yake yi a da? Zafin ya fi na makon jiya? Yana iya ɗaga ƙafar kamar ɗayar? Kamar, ya fi, kamar, ya fi... duk tambayarta ƙafa biyu gare ta, ɗaya a kan wannan, ɗaya a kan wancan.

Kellu tana mayarwa, idonta a kan takalmin tsohon. Takalmin kawai. Tun da aka kawo ta gidansu ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ba ta taɓa kama sunansa ba, ko wani Madu ne ya zo sayar da ruwa sai ta ce mai sunan Baba.

"Alhamdulillahi. Gaya mata muna godiya, uwar Falmata. Da sauƙi."

Ya buɗe a gani mana! Ba zai buɗe ba. Ciwon yana can sama, inda cinya ta haɗu da jiki. Ya kwance tazuge a gaban mace? A gaban surukarsa? Gara a kai shi maƙabartar Gwange a binne da wandonsa. Nas ɗin namiji da zai duba shi yana can an tsare su a shingen sojoji tun hantsi, waya ba ta shiga. Saura magana. Magana kawai za a auna, kuma maganar ta bakinta za ta bi.

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gwada wannan da wancan! Wa ya kai shi? Kasuwar Shanu kaf an san shi, ya shafa tozo, ya buɗe baki ya duba haƙori, ya ce wannan ya fi wancan nama, wancan ya fi ƙashi, wannan ba zai kai Legas da rai ba. Bai taɓa kuskure ba. To ga shi yau an ce ya faɗi kalma ɗaya a kan kansa... Sa ake gwadawa da sa, haka ya ce mata da safe a cikin keke, bai ma dube ta ba. Ɗan Adam ba a sa shi a layi a ce wa ya fi ruɓewa.

To an sa. An sa, Baba. Wannan ɗakin kasuwa ce, kai ne san, ni ce dillaliya. Tir da wannan rigar mai tambari da suka rataya mini. Tir da fararen motocin nan masu dogayen eriya, da suka sa hayar ɗaki ta gagari 'yan gari. Tir da ni da nake jin daɗi in an ce Turancina ya fi na sauran tafintoci. Ya fi. Ga shi nan kuma.

Mun yi iyakar abin da za mu iya... Wa ya faɗa? Wani likita ne, ɗan ƙasa, da Turanci ya faɗa mata don ya ga malama ce, a bakin ɗakin da Gana yake kwance an rufe shi da zanen da ba nasa ba. Iyakar abin da za mu iya. Ta san ginin jimlar, ta sha rubuta irinta a allo: ya yi gudu iyakar gudunsa, ta yi ƙoƙari iyakar ƙoƙarinta. Jimla mai ƙofa a baya. Ba ta ce an yi da yawa ba, ba ta ce an yi kaɗan ba, ta auna mutum da kansa ta sallame shi. Wa zai ƙaryata? Gana ma ai ya yi gudu iyakar gudunsa ran da aka kawo hari. Iyakar ce ba ta kai bakin titi ba.

Bayan arba'in 'yan uwanta suka zo tafiya da ita. Tsohon nan ya tsaya a ƙofar gida ya ce ita da 'yarta Falmata ba inda za su, in dai yana da rai ba za su ci abincin tausayi a gidan kowa ba. In dai yana da rai. In ƙafar nan ta ci gaba da ci, damina ba za ta same shi ba, ko yaro ya shaƙi warin ya sani. Baturiyar ma ta shaƙa, ai hancinta yana motsi. Amma wari biyu ne a bencin, sun gauraya, wa zai raba?

Alƙalami yana jira a sama da takarda. Janareto yana kuka. Ƙuda ya sauka a bakin kofin shayin likita...

Bakinta ya buɗe da kansa. Turanci yana fita, santsi, daidai, kamar a gaban sufeto. Ya ce ya fi muni. Ya fi na makon jiya muni sosai. Ba ya iya kaiwa ko masallacin ƙofar gida. Ba ya iya barci kamar da, ba ya iya sujada. Wos, wos, wos. Ƙarya ta yi? Wace kalma ce ƙarya a ciki? Duk gaskiya ne, ya ce ɗin nan ne kawai... ya ce. Ta sa wa dattijo kuka a baki, a gaban baƙuwa, shi kuwa yana gyaɗa kai yana murmushi, yana tsammani godiyarsa ake isarwa. Ta tuɓe shi tsirara da harshen da ba ya ji. 

Alƙalami yana rubutu. Yana rubutu da yawa.

Sai ta tuna. Ya Salam... Manasse. Hedimasta. Mutumin da ke zama a gindin dalbejiyar ƙofar gidansu yana gyara wa masu karanta labarai a rediyo Turancinsu. Kowace kalma ta shiga kunnensa. Ya ji abin da tsohon ya faɗa, ya ji abin da ta mayar. Da shi suke shan shayi kullum la'asar, shi da Baba, ɗaya da carbi ɗaya da ƙaramin littafin addu'arsa, suna zagin gwamnati. Zai tona? Ya tona mana! Ya ce wa Baturiya ƙarya take yi, ko kuwa ya hau matakalar da kansa, ai ya fi kowa sanin hanya, ya ce nasa ne wost, ya zuba Turancin nan nasa mai guga, a ba shi gadon, ita ta huta, ta samu wanda za ta tsana...

Likita ta juya gare shi. Tambayoyin dai, masu ƙafa biyu. Bai jira a fassara ba, kuma bai dubi likita ba. Kellu ce ya duba. Leɓensa ya bushe ya yi fari. Da Hausa ya amsa. Da Hausa!

"Gaya mata da sauƙi, 'yata."

Kalmar dai. Ita ɗin dai, ba ƙari ba ragi, ya ɗauko ya ajiye mata a tafin hannu. Me za ta yi da ita? In ta mayar yadda ya faɗa, ta san abin da ta yi, shi ma ya sani, kuma gobe da la'asar ita za ta kai musu shayi. In ta mayar yadda ta mayar da ta Baba, alƙalamin zai tsaya, Baturiya za ta ɗago jajayen idanunta ta yi tambayar da ta rage: to wanne ya fi?

Ɗan mutumin da take zanawa a saman matakala, yana ɗaga hannu... shekara da shekaru tana zana shi, ba ta taɓa lura ba. Kullum shi kaɗai ne. Ba ta taɓa barin wurin da wani zai sa ƙafa ba.

Baba yana gyara sandarsa. Manasse yana jira. Likita tana kiran sunanta, ta karya shi gida biyu yadda ta saba, Ke-lu? Ke-lu? Harshen Kellu ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen wando. Ta buɗe baki...

Ƙurunƙus. Kan kusu ne, kuma bai isa a raba wa mutum biyu ba.