Tela ta Arba'in

Ƙofar gilashin ta buɗe da kanta. Mama ta ja da baya, ta damƙe hannun Auta.

"Wa ya buɗe?"

"Ba kowa, Mama. Taho, lokaci yana tafiya."

Auta, ƙaramar 'yarta, tana digirin dakta a makarantar koyon kasuwanci, kuma kan mata masu ɗinki take bincike. Tela arba'in ake so ta ji ta bakinsu, ta samu talatin da tara, yau kuma ake rufewa. Shi ya sa Mama ta rufe keken ɗinkinta ta biyo ta, tana tsoron kada ta buɗe baki ta ba yarinyar kunya.

Suka ratsa laburare. Littattafai har rufi, shiru kamar ba mutane. Auta ta nuna mata wani ɗan ɗaki mai tebur da kwamfuta.

"Nawa ne, ga makullin. Littafin da babu a nan, sai su aiko mini da shi daga wata ƙasa."

"Ke ɗin? Da kike ɓatar mini da almakashi kullum?"

A bakin ɗakin ɗaukar murya wata malama mai tabarau ta tare su, ta dubi Auta.

"Ke tsaya a waje. 'Ya ba ta yi wa mahaifiyarta tambayoyi, doka ce."

Mama ta shiga ita kaɗai. An manna wa bangon soso don tare hayaniya. Malamar ta karanta mata takarda a hankali: in ta ga dama ta ƙi amsawa, in ta gaji ta tashi, ba kuma za a rubuta sunanta ba, sai lamba. Shekara talatin tana ɗinki, ba wanda ya taɓa neman izininta kafin ya tambaye ta abu.

Malamar ta fara tambaya. "Mama, yaya kike gane wadda za ta dawo da ɗinki ta ce bai yi ba?"

Mama ta gyara zama. "Ai tun wajen awo. In ta tsuke ciki, to ƙara inci biyu."

Minti ashirin aka ce. Sai da awa ta wuce ta fito, malamar tana riƙe mata jaka.

Auta ta taso da sauri. "Me kika ce musu?"

Mama ta gyara gyale.

"An ce sirri ne. Je ki tambayi lamba arba'in."