Katin da Aka Bar wa Dogo

Aikin Dogo shi ne zana gidajen da ba a gina ba tukuna. Masu zanen gini su ba shi taswira, shi kuma ya tayar da gidan a kwamfuta, da tagoginsa da inuwar bishiyoyinsa, har mai gida ya gani ya ce, "Haka nake so." Ya fi kowa daɗewa a ofishin, in ka cire Oga.

Matsalarsa ɗaya ce, katin girafik ɗin da ke cikin kwamfutarsa, wato allon da ke ɗaukar nauyin fitar da hoto. Katin ya tsufa. In Dogo ya gama zane ya danna a fitar, sai fankar katin ta kama kuka kamar injin niƙa, hoton ya riƙa fitowa layi-layi. A ofis suna cewa Dogo ya ɗora girki. Yakan buɗe gefen kwamfutar ya kafa mata ƙaramar fankar tebur, shi ya zauna cikin gumi.

Masu gidaje ba su san da wani kati ba. Su dai sun san an ce su zo da safe, sun zo, hoto bai fito ba. Oga kuwa a gabansu yake juyowa ya ce, "Ku yi haƙuri, mutumin namu ne akwai nawa."

Dogo ya sha roƙon a sayi sabo. "Yallaɓai, ba hannuna ba ne, katin ne."

"Za a duba," in ji Oga. Shekaru suka wuce ana dubawa.

Wata safiya sai ga kwalin sabon kati a kan teburinsa. Oga ya tsaya a kansa ya ce, "To ga abin da kake ta kuka a kai. Ka gwada mini su biyun a kan gida ɗaya, in gani da idona."

Dogo ya zaɓi gida mafi wuya, mai bangon gilashi da wurin iyo a tsakar gida, domin ruwa da gilashi su ne ke wahalar da kati. Ya fara da tsohon. Tun hantsi yake kuka, sai bayan an dawo daga cin abincin rana hoton ya kammala. Ya kwance shi da kansa, ya ɗaura sabon. Ya danna, ya juya zai zuba shayi. Kafin ya gama juya sukari sakatariya ta ce, "Dogo, girkinka ya nuna."

Ya ɗauka tsokana ce. Da ya duba, ga gidan nan tsaf, har hasken rana yana wasa a kan ruwan. Ko ƙarar fankar bai ji ba. Aka taru a bayansa ana kallo. Oga ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe da gaskiyarka."

Wannan kalmar Dogo ya kai gida. Ya maimaita wa matarsa ita har sau biyu, bakinsa har kunne. Ta ce, "To Alhamdu lillahi, Abban yara. Yanzu sai mu riƙa ganinka da rana tsaka."

Washegari ya tarar da gefen kwamfutarsa a buɗe, tsohon katin ya koma mazauninsa. Sabon yana teburin ƙanin matar Oga, wanda aka ɗauka aiki kwanan nan, ana ce masa Ɗan Gayu.

Dogo ya shiga wurin Oga, ya tsaya bai zauna ba.

"Ka ga, kai ka san halin tsohon nan," in ji Oga, idonsa a kan waya. "Kana da haƙurin zama da shi. Shi wancan in na ba shi, ko mako ba zai yi ba zai gudu, yayarsa ta hana ni sakat. In an samu sarari kai ma za a sayo maka."

Dogo ya juya, ya fita.

Ɗan Gayu ba mugu ba ne, kuma kansa yana ja. Kullum yana teburin Dogo: "Yaya, yaya ake sa gilashi ya yi sheƙi? Yaya, inuwar nan ta yi duhu." Dogo ya nuna masa komai, tunda ko ba komai zaman jira yake yi. Kafin wasu watanni, mai gida zai ce a sauya masa launin bango, Ɗan Gayu ya sauya yana zaune yana kallo. Wanda ya faɗa hannun Dogo kuwa sai a ce ya dawo gobe. Mutanen da suka yi shekaru suna neman Dogo suka fara gaishe shi a tsaye, su wuce ɗaya teburin.

Ƙarshen shekara Oga ya kira shi. "Dogo, yaron da ya zo jiya ya ninka ka aiki. Me zan ce wa abokan hulɗa?"

"Yallaɓai, kai ka tsaya a kaina ranar gwajin. A musanya mana kwamfuta na mako ɗaya, sai a sake dubawa."

Oga ya yi tsaki. "Kai kullum kayan aiki ne da laifi."

Ba a daɗe ba, ana tsakiyar fitar da wani hoto, wari ya tashi kamar na ƙonannen roba, fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Katin ya mutu. Dogo ya ji wani sanyi a ransa, ya ce yanzu kam dole a sayo. Oga ya zo ya leƙa cikin kwamfutar, ya toshe hanci. Sannan ya ce, "Gaskiya aikin da muke samu, kwamfuta ɗaya ta ishe shi."

A ƙarshen watan aka sallami Dogo, ya kwashe kofinsa da fankarsa. Sakatariya ta raka shi har bakin ƙofa, ta kasa haɗa ido da shi.

Yana gida wata la'asar, yana gyara wa ƙaramar 'yarsa keke, wayarsa ta yi ƙara. Ɗan Gayu ne. "Yaya, don Allah ka taimaka. Wani mutum yana son gidansa da hasken faɗuwar rana, ni kuma duk ya fito ja kamar gobara."

Dogo ya jingine keken. Sai ya goge hannu a wando, ya gaya masa inda zai shiga, da abin da zai rage, da kusurwar da zai ajiye ranar. Ɗan Gayu ya yi ta godiya, ya kashe.

Matarsa tana shanya a tsakar gida, ta ji duka. Ba ta juyo ba ta ce, "Har yanzu kana yi musu aiki ke nan."

Ya sunkuya ya ci gaba da mayar da sarƙar keken, yarinyar tana tsaye tana jira.