Shanyar Mama a Kan Sola

Ni ba yawon buɗe ido ya kai ni ƙasar nan ba. Na je ne in ɗauko Auta, 'yata ta ƙarshe, in dawo da ita gida. Mijinta ya rasu ya bar ta da jaririya, takwarata, kuma ban ga dalilin da zai sa ta zauna ita kaɗai cikin mutanen da ko gaisuwar kirki ba su iya ba. Tun a jirgi na gama tsara maganata.

Na tarar ta koma wata sabuwar unguwa kusa da asibitin da take aikin jinya. Mota ba ta shiga, sai keke da ƙafa. Gidajen a jere, kowanne da farantan sola baƙaƙe a kan rufi, ga tankin ruwan sama, ga lambu a tsakiya. Ba ƙarar inji, ba hayaƙi. Wutar da layinsu ya tara da rana batir ɗaya take shiga, kowa ya ja, har da wani ɗakin sanyi da suke ajiye madara da kayan lambu.

Na ce, "To, ba laifi. Amma kyan rufi ba ya maye dangi. Haɗa kayanki."

Ta yi dariya. "Mama, ko ruwa ba ki sha ba."

A nan take faɗa mini zaman gwaji take yi. Duk sabon shiga sai ya ɗan zauna, daga baya maƙwabta su taru su ɗaga hannu, ko a bar shi ko ya nemi wani wuri. Nata taron ya kusa.

Na ce, "Wato wurin kwana ma sai an yi miki zaɓe? Allah ya kyauta."

Kullum tana fita aiki ni kuma in kama wanki, don Takwara ba ta da aiki sai ɓata kaya. Igiyar shanyarsu tana can ƙarshen lambu, ni kuma gwiwata ba ta son nisa. Sai na hango rumfar kekuna a bayan gida, gajera, hannuna yana kaiwa. Rufinta duk farantan nan ne, a karkace, sumul, ga zafi kamar bayan dutsen guga. Na ce waɗannan mutane akwai dabara amma ba su san abin da suke da shi ba. Na baje zannuwan gado da tawul da bargo. Kafin Auta ta dawo sun bushe ƙayau, na ninke. Haka na riƙa yi, ina yaba wa kaina.

Ashe rumfar nan ita ce ta fi ba batirin layin wuta. Ranar da aka yi ɗan hadari batirin ya ƙare, ɗakin sanyi ya mutu, madarar mutane ta lalace. Shugabar unguwar, wata tsohuwa siririya da nake kira Mai Keke, ta zo duba abin da ya faru, ta same ni ina gyara wa bargo zama. Ta dubi bargon, ta dube ni. Ni ma na dube ta, don ban ga abin kallo ba.

Da Auta ta dawo ta ji, sai ta zauna a bakin gado ko takalmi ba ta cire ba.

"Mama, kin rufe musu rana."

"Rana ta Allah ce."

"Ka'ida ce babba a nan. Kuma laifin baƙo a kan mai gida yake." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Shi ke nan. Kin samu abin da kika zo nema."

Gaskiya ta faɗa, kuma sai da na ji wani daɗi ya ɗarsu a raina. In yi shiru kawai, su kore ta, mu hau jirgi mu uku. Amma ni ba makauniya ba ce. Na ga yadda maƙwabciyarta take zuwa ta karɓi Takwara ba tare da an roƙe ta ba. Na ga Auta tana tsugune a lambu tana dariya da ƙarfi, ita da a waya nake jin muryarta kamar ta mara lafiya. Daɗin nan bai daɗe ba ya koma kunya.

Ranar taron na ci ado na bi ta. Ɗaki ne mai manyan tagogi, kujeru a zagaye. Mai Keke ta yi bayani da yarensu, wani mai gemu ya ƙara nasa yana yarfa hannu, da gani madararsa ce ta fi yawa. Auta ta miƙe za ta ba da haƙuri, na ja mata riga.

"Zauna. Ni zan yi, ke ki fassara. Kada ki rage mini ko kalma."

Na tsaya na ce, "Ni na yi shanyar, yarinyar nan ba ta sani ba. Da ta sani da ta hana ni, da kuma na yi mata faɗa. Madararku ku yafe mini. Amma ku ji wannan. Ni zuwa na yi in tafi da ita. In kuka kore ta yau, aikina kuka yi mini."

Auta ta tsaya da fassarar, ta zuba mini ido.

"Faɗa musu," na ce.

Ta faɗa. Na ci gaba.

"Ni na haife ta, na san fuskarta in tana cikin wahala, na san ta in ta samu sauƙi. A nan ta samu sauƙi. Ina so ta dawo gida fiye da yadda kuke son wutarku, wallahi. Duk da haka ku bar ta. Mai laifin ce za ta tafi, kuma da bargona zan tafi."

Mai gemun nan ya fara dariya, ya rufe baki. Mai Keke ba ta yi ba. Ta tambaye ni, ta bakin Auta, ko na gane yanzu abin da farantan suke yi.

"Na gane. Amma ku ma ku matso da igiyar shanya. Wata rana gwiwarki za ta tuna da maganata."

Sai a lokacin ta yi murmushi, ta ce duk wanda ya yarda Auta ta zauna ya ɗaga hannu. Maƙwabciyar da ke riƙe da Takwara ta fara, sai mai gemu, sai sauran ɗaya bayan ɗaya. Ina kallon kowane hannu, na san ni kaɗai zan koma. Ni ma na ɗaga nawa.

Auta ta raɗa mini, tana share ido, "Mama, ke ba ki da ƙuri'a."

"Na sani," na ce, ban kuma sauke ba.