Biyar ko Bakwai

"Sake karanto min," in ji Mai Walda daga kwance.

Malama ta gyara tabarau, ta sake ɗaga takardar jami'ar da 'yarsa Auta za ta shiga. Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da nasa, ƙarar injinsa ta sha hana ta barcin rana, sun yi cacar baki a kai ba adadi. Yau wata uku injin shiru, kuma wallahi shirun ya fi damunta.

"Tsari na farko, sassa biyu na jami'a ne suka zauna suka shirya shi: injiniyanci da kasuwanci, jadawali ɗaya, darasin da ta ci a nan a lissafa mata a can. Shekara biyar, digiri biyu. Na biyu, ita za ta haɗa fannonin da take so, amma kowane sashe harkar gabansa yake yi. Jarrabawa biyu na iya faɗowa lokaci ɗaya, ba ruwan kowa. Shekara bakwai."

"Kin ji ko, Auta? Abin da aka yi wa walda ya fi ƙarko. Ɗauki na biyar."

'Yarsa tana bakin taga tana ninke masa riguna. "Baba, ni injiniyanci da tarihi nake so. Babu tarihi a na farkon."

"Tarihi! Zo ki zauna in ba ki kyauta, tun daga kan kakan kakanki."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Gobe ake rufe karɓar fom, Auta kuwa ta ce ba za ta miƙa ba sai da yardarsa. Ta ɗauki takardar likita ta fita sayen magani.

"Kai dai taurin kai kamar ƙarfen shagonka," in ji Malama. "Yarinyar nan a ajina ta tashi, na san inda ranta yake. Me ya haɗa ka da kasuwanci?"

"Ba kasuwancin nake so ba, Malama. Biyar ɗin nake so. Na ce ko Allah zai ja kwana in gan ta da hular nan ta kammala digiri."

"Abin da likita ya gaya maka, ni ma ya gaya min. Ko biyar ɗin..."

Ta kama bakinta, amma magana zarar bunu ce. Kunya da tausayi suka rufe ta, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Ke dai bakinki ba linzami," ya ce a hankali. Bai yi fushi ba.

Washegari da safe, Malama na ba shi ruwa da cokali, ya kira Auta.

"Je ki ɗauki mai tsawon. Gaggawar tawa ce, ba taki ba. Allah ya yi miki albarka."

"Baba, in na tafi wa zai..."

"Ga wannan masifaffiyar nan. Yi sauri kar su rufe."

Kafin azahar ya cika, hannunsa cikin na ƙanensa da ya zo dubiya.

Malama ta fito ƙofar gida ta tsaya, don kar yarinyar ta ji a bakin wani. Can ta hango ta ta karyo kwana, tana ɗaga 'yar takardar shaidar miƙa fom sama tana kaɗawa. Sai tafiyarta ta fara raguwa. Ta ga takalma jere a bakin ƙofa, har kan titi.